Yadda Ake Kwatanta Faya-fayan Simfoni ta Uku ta Aaron Copland

Wanda ya saurari simfoni ɗaya, wato dogon kiɗa mai babi-babi da babbar ƙungiyar makaɗa ke kaɗawa, a faifai biyu daban-daban yakan ji a jikinsa cewa akwai bambanci, amma sau da yawa ba ya iya faɗin inda bambancin yake, sai maganarsa ta tsaya a kan cewa wannan ya fi daɗi, wancan kuma bai kai shi ba. Kwatantawa mai amfani tana farawa ne a lokacin da mai sauraro ya iya nuna wuri, ya ce a wannan gaɓa jagoran makaɗa ya ja lokaci, a waccan kuma ya bar ƙahoni sun danne masu goge, sannan ya bayyana abin da hakan ya jawo wa sauran kiɗan. Wannan aiki bai wajabta wa mutum iya karanta rubutun kiɗa ba, ko da yake iyawar tana taimakawa ƙwarai. Abin da ba makawa sai da shi shi ne tsari da haƙurin komawa wuri ɗaya sau da dama. Za mu bi hanyar ne da Simfoni ta Uku ta Aaron Copland, marubucin kiɗa ɗan Amurka, domin tana cikin simfonin Amurka da aka fi ɗauka a faifai, kuma tana ɗauke da wata matsala ta rubutu wadda ke koya wa mai kwatantawa taka-tsantsan tun daga farko.

Ka san kiɗan kafin ka auna masu kaɗa shi

Copland, wanda aka haifa a Brooklyn a 1900 ya kuma rasu a 1990, ya fara rubuta wannan simfoni a 1944 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya kammala ta a 1946 bayan an ajiye makamai. Gidauniyar jagoran makaɗa Serge Koussevitzky ce ta ba shi aikin, an sadaukar da shi ga marigayiya matarsa Natalie Koussevitzky, kuma Koussevitzky da kansa ya jagoranci ƙungiyar makaɗan Boston a ranar da aka fara kaɗa ta, wato 18 ga Oktoba, 1946. Tana da babi huɗu, tana cin minti arba'in da 'yan kai, kuma babi na uku yana zarcewa cikin na huɗu ba tare da an tsaya ba. Babi na huɗun ne ya ɗauko sananniyar busar nan da Copland ya rubuta a 1942, Fanfare for the Common Man, wadda a asalinta ƙahoni da kayan bugawa kaɗai ke yin ta. Copland ya bayyana cewa bai ɗauko wata waƙar gargajiya ya sa a cikin simfonin ba, saɓanin abin da ya yi a wasu ayyukansa na raye-raye, kuma wannan bayani yana da amfani ga mai kwatantawa, domin jagoran da ya kaɗa ta kamar kiɗan nishaɗin ƙauye ya kauce daga nufin mai ita.

Kafin ka buɗe faifai na biyu, ka zaɓi guda ɗaya ka saurare shi daga farko har ƙarshe sau biyu ko uku a ranaku daban-daban, har sai ka iya gane abin da ke tafe kafin ya iso. Akwai haɗari a nan wanda ya kamata ka sani: faifan da kunne ya fara sabawa da shi yakan zama masa ma'auni, sai duk wanda ya zo daga baya ya yi kama da mai sauri fiye da kima ko mai nawa fiye da kima. Ba a iya kauce wa wannan gaba ɗaya, amma wanda ya san da shi zai riƙa tuhumar hukuncinsa na farko, kuma hakan ya isa.

Waɗanne faya-fayai za a haɗa

Uku ko huɗu sun isa a karon farko, kuma ya fi kyau a zaɓe su da dalili. Copland ya ɗauki simfonin da kansa sau biyu a Ingila, da London Symphony Orchestra a 1958 a kamfanin Everest, sannan da ƙungiyar Philharmonia a 1976. Leonard Bernstein, wanda ya san Copland tun 1937 ya kuma zama babban mai yaɗa kiɗansa, shi ma ya ɗauke ta sau biyu da New York Philharmonic, a 1966 a kamfanin Columbia, da kuma 1985 a Deutsche Grammophon, inda aka ɗauka a gaban 'yan kallo. Leonard Slatkin yana da nasa guda biyun, na farko da makaɗan St. Louis a RCA, na biyu da makaɗan Detroit a Naxos, wanda ya fito a 2017. Ga kuma na Antal Doráti da makaɗan Minneapolis a Mercury a 1953, da na Eiji Oue a Reference Recordings a 2000, da ƙungiyar nan ɗaya wadda a lokacin sunanta ya koma Minnesota Orchestra.

A ganina, haɗin da ya fi koyarwa shi ne na jagora ɗaya a lokuta biyu. Idan ka ajiye Bernstein na 1966 kusa da na 1985, ƙungiyar ɗaya ce, birnin ɗaya ne, mutumin ɗaya ne, saboda haka abin da ya sauya galibi tunaninsa ne bayan shekara goma sha tara, tare da sauyin na'urorin ɗauka. Daga nan sai ka ƙara ɗaya daga cikin na Copland, da kuma na Slatkin na Detroit saboda dalilin da zai zo nan gaba. Ka kula da cewa kamfanoni suna sake fitar da tsohon faifai a sabon bango, har ma a ƙarƙashin wani suna, kamar yadda ayyukan Columbia suka koma hannun Sony, don haka shekarar ɗauka da sunan ƙungiya su ne abin dubawa, domin shekarar da manhajar sauraro ke nunawa sau da yawa ta sake fitarwa ce.

Kada ka ɗauka cewa faifan marubucin kiɗa shi ne hukunci na ƙarshe. Yana da daraja ta musamman, tun da yana nuna saurin da mai abu yake ji a ransa da kuma rashin son ƙawa da aka san shi da shi, amma rubuta kiɗa sana'a ce, jagorantar makaɗa kusan ɗari kuma wata sana'ar ce daban, kuma Copland ya rungumi ta biyun sosai ne bayan ya manyanta. Ka saurare shi a matsayin shaida mai ƙarfi wadda ita ma ake iya yi mata tambaya.

Gaɓoɓin da aka yanke

A ƙarshen shekarun 1940, Bernstein ya ga cewa ƙarshen babi na huɗu ya yi tsawo da yawan hayaniya, sai ya yanke gaɓoɓi kimanin goma, wato ƙananan yankunan da ake kasa rubutun kiɗa a kansu, ba tare da ya nemi izini ba. Daga baya Copland ya amince, kuma bugun da kamfanin Boosey & Hawkes ya fitar a 1966 ya zo da wannan yanka, shi ya sa mafi yawan faya-fayan da mutane suka sani, har da na Bernstein duka biyun, gajeren ƙarshen suke da shi. A 2015 kamfanin ya fitar da sabon bugu wanda ya mayar da gaɓoɓin yadda suke a rubutun 1946, kuma wannan bugun ne Slatkin ya bi a Detroit.

Muhimmancin wannan ga mai kwatantawa a fili yake. Idan ka ji ƙarshen wani faifai ya fi faɗi, ko ka ga babinsa na huɗu ya ɗara na wani tsawo, tambayar farko ita ce wane rubutu aka kaɗa, kafin ka yaba wa jagora ko ka zarge shi da abin da ba shi ya yi ba. Bayan ka tabbatar da haka, sai ka saurari minti uku na ƙarshe a faifan Bernstein da na Slatkin ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi kanka ko ƙarin gaɓoɓin sun sa nasarar ƙarshe ta fi cika, ko kuwa sun jinkirta abin da ya riga ya nuna. Masana ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba, kuma kunnenka yana da haƙƙin shiga muhawarar.

Gyara na'ura kafin a fara

Kunnen ɗan Adam yana da wata ɗabi'a da aka daɗe da sani: idan aka ba shi abu biyu masu kama da juna, wanda ya ɗan fi ƙara shi yake ɗauka ya fi kyau. Saboda haka, kamar yadda mai awo ke daidaita sikeli kafin ya ɗora kaya, kai ma ka daidaita ƙarfin sautin faya-fayan kafin ka yanke wani hukunci. Ka zaɓi wuri mai matsakaicin ƙara, ka gyara kowane faifai har su zo daidai a kunne, sannan ka rubuta lambar da ka tsayar domin gobe. Ka yi amfani da lasifika ɗaya ko abin sauraro na kunne ɗaya a duk tsawon aikin, a ɗaki mai shiru, domin wannan simfoni tana da wurare da sautin ke yin ƙasa ƙwarai har ƙarar fanka ma tana iya haɗiye su. Idan da hali, ka sa wani ya riƙa kunna maka ba tare da ya faɗi sunan jagora ba, domin babban suna yana jan hukunci tun kafin kiɗa ya fara.

Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe launin sauti na dogon lokaci, don haka sauraron minti arba'in nan da minti arba'in can ba ya nuna bambanci dalla-dalla. Hanyar da ta fi ita ce a ɗauki yanki na minti ɗaya ko biyu, a ji shi a faifai na farko, a ji shi nan take a na biyu, a koma na farko, sannan a rubuta abin da aka ji da lokacin da ya faru a kowane faifai. Jimillar mintunan da aka rubuta a bango tana ba da ɗan haske kawai, domin jagora yana iya yin sauri a wani wuri ya ja a wani, jimillar ta fito daidai da ta wanda ya bi taki ɗaya tun daga farko.

Wuraren da za a tsaya

Wuri na farko shi ne buɗewar simfonin. Masu goge tare da sarewa da kilarinet (wani abin busa na itace) suna shimfiɗa wani jigo mai faɗi, a hankali, da sautuka masu tazara a tsakaninsu, ba tare da wani ado ba. Jarrabawar jagora a nan ita ce ko layin zai ci gaba da tafiya duk da sanyinsa. Ka kasa kunne ga inda makaɗa ke numfashi, ka lura ko kowace jimla tana miƙa hannu ga mai bi mata, ko kuwa tana mutuwa kafin ta gaba ta taso. Daga baya, sa'ad da ƙahonin turombon suka shigo da jigo mai ƙarfi kiɗan ya fara hawa, ka duba ko jagoran ya ajiye wani ƙarfi domin gaba, domin wanda ya zube duk abin da yake da shi a babi na farko ba zai sami abin ƙarawa ba bayan rabin sa'a.

A babi na biyu, mai sauri da tsalle, abin dubawa shi ne tsabtar bugu: ko ana jin fiyano da ƙaramar ganga da sauran kayan bugawa kowanne a wurinsa, ko sun cuɗe. A tsakiyarsa obo, wani abin busa mai kama da algaita, yana rera wani kari mai taushi, wanda a ƙarshen babin yake dawowa da dukan ƙungiya cikin girma, kuma yana da kyau ka ji ko jagoran ya sa ka gane cewa karin nan ɗaya ne.

Inda nake ganin ya fi cancanta a daɗe shi ne mahaɗar babi na uku da na huɗu, kuma da za a ce in zaɓi minti huɗu kaɗai domin auna kowane faifai, su zan zaɓa. Babi na uku yana farawa da masu goge su kaɗai a can sama, da siririn sauti wanda ke tona asirin duk ƙungiyar da ba ta da haɗin kai, domin ƙaramin saɓani a tsakanin makaɗa goma sha wani abu ba shi da wurin ɓuya. Bayan sarewa ta kawo sabon kari an ɗan yi rawa da shi, kiɗan yana sake lafawa har ya kusa ɓacewa. Daga cikin wannan shirun ne busar ke fitowa, kuma ba da ƙahoni take fara zuwa ba, da sarewa da kilarinet take zuwa, a hankali ƙwarai, kamar daga nesa. Sai bayan haka ganguna su faɗo, ƙahoni su ɗauke ta da cikakken ƙarfi.

Ka saurari wannan wuri da tambayoyi a hannu. Shin jagoran ya bar shirun ya zauna, ko ya yi gaggawar wuce shi domin ya isa inda ake tafi? Shin masu sarewa sun busa jigon da natsuwar da ke sa mai sauraro ya riƙe numfashi, ko sun busa shi kamar sanarwa ce kawai ta abin da ke tafe? Sa'ad da ƙahoni suka shigo, shin ƙarfinsu ya tsiro ne daga abin da ya gabata, ko ya faɗo kamar an sauya faifai? Kusan kowace babbar ƙungiya tana iya yin ƙara mai ban tsoro, shi ya sa ƙarar ba ta bambanta faya-fayai sosai. Abin da ke bambanta su shi ne ko an yi wa ƙarar shimfiɗa. Kiɗa ne da aka rubuta a ƙarshen yaƙin da ya ci miliyoyin rayuka, kuma nasarar da ke cikinsa tana da nauyi ne gwargwadon yadda aka ji kaɗaici da alhinin da suka riga ta. A nan za ka ji yadda Bernstein na 1985 ya fi na 1966 faɗi da nauyi, yayin da Copland yake tafiya kai tsaye ba tare da ya tsaya jaddada komai ba. Ni na fi karkata ga na 1966 saboda yadda jini ke gudu a cikinsa, amma na fahimci wanda zai ce na 1985 ne ya ba wannan mahaɗa girman da ta cancanta.

Akwai sauran wuri ɗaya a babi na huɗu. Bayan busar, obo yana fara wani ɗan kari mai sauri, sauran masu busa da masu goge su karɓa, kiɗan ya yi ta haɓaka cikin murna, har sai wani sauti mai tsananin karo da juna ya tsinke shi gaba ɗaya, dukan ƙungiya ta yi kururuwa lokaci guda. Daga cikin kangon da ya bari ne ƙaramar sarewa mai siririyar murya take sake ɗaga karin ita kaɗai. Wasu jagorori suna sassauta munin wannan sauti domin kada ya ɓata bikin, wasu kuma suna barinsa ya yi ciwo yadda aka rubuta shi. Ka lura da wanda kowane faifai ya zaɓa, da tsawon shirun da aka bari kafin ƙaramar sarewar ta shigo, domin wannan zaɓi yana gaya maka yadda jagoran ya fahimci simfonin baki ɗaya.

Raba aikin jagora da na injiniya

Yawancin abin da sabon mai sauraro ke yaba wa jagora a kansa, aikin injiniyan sauti ne da zauren da aka yi ɗaukar. Faifan Doráti na 1953 na zamanin mono ne, wato sautin da ke fitowa ta hanya ɗaya tak, da makirufo ɗaya aka ɗauke shi bisa tsarin Mercury na wancan lokaci, shi kuwa na Oue an san shi da zurfin babbar ganga da faɗin zaure, aikin injiniya Keith Johnson. Idan ka haɗa su ba tare da lura ba, sabon zai yi rinjaye nan take, alhali abin da ya rinjaye ka na'ura ce. Hanyar rabewa ita ce ka riƙa tambayar kanka ko abin da ka ji zai sauya da an matsar da makirufo. Zurfin ganga, da kusancin garaya ko fiyano, da tsawon amsa-kuwwa, da yadda ake jin bugun maƙera a ƙarshen simfonin, duk suna iya sauyawa. Sauri da jinkiri, da tsawon shiru, da inda aka yanke jimla, da yadda ake hawa zuwa ƙololuwa, waɗannan na jagora ne, kuma ana jin su ko a tsohon faifai mai shashshaka. A tsakiya akwai abin da ya rataya a wuyan su biyun, wato daidaito tsakanin ƙahoni da goge, inda ya kamata ka sassauta hukunci. Ka kuma tuna cewa faifan da aka ɗauka a gaban jama'a ma yawanci ana haɗa shi ne daga dare fiye da ɗaya, don haka rashin kuskure a cikinsa ba hujja ba ce mai ƙarfi.

A takardarka, ka guji kalmomi irin su kyau da daɗi su kaɗai, ka rubuta abin da ya faru: a minti kaza an rage sauri kafin shigowar ƙahoni, kuma hakan ya sa shigowar ta yi nauyi amma layin ya yanke. Bayan ka gama da yankuna, ka huta kwana ɗaya ko biyu, sannan ka koma ka saurari kowane faifai cikakke ba tare da tsayawa ba, domin akwai wanda zai yi nasara a kowane ɗan yanki amma ya kasa riƙe ka na minti arba'in, akwai kuma wanda ba ya burgewa a gutsure amma tafiyarsa gaba ɗaya tana da ma'ana. Idan hukuncin yankuna ya saɓa da na cikakken sauraro, na biyun ne ya fi cancantar a bi, amma ka koma takardarka ka nemo dalilin saɓanin.

Wanda yake son gwada hanyar a kan wani aiki mafi gajarta zai iya ɗaukar Simfoni ta Uku ta Roy Harris, wani marubucin kiɗa ɗan Amurka, wadda Koussevitzky ya fara kaɗawa a Boston a 1939 ya kuma ɗauke ta a faifai a shekarar. Babi ɗaya ce tak, ba ta kai minti ashirin ba, kuma Bernstein ya ɗauke ta sau biyu da New York Philharmonic, saboda haka ana iya jin faya-fayai uku cikakku a zama ɗaya.